Yadda Choji Direba Ya Shiga Opera

Choji Dalyop mutumin Kuru ne, can kusa da Jos, kuma tun yana saurayi da murya aka san shi. Ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa maganar ke tasowa. A majami'arsu layin baya yake tsayawa a cikin kwaya, tare da masu bes, wato masu kaurin murya, kuma in bai zo ba ranar Lahadi kowa sai ya ji waƙar ta yi sakayau. Bai san rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Do-re-mi kawai ya iya, wanda malamin kwaya ke rubuta musu da alli a bango. Sana'arsa tuƙi ce, yana jan motar dankali daga Bokkos zuwa Kano.

Matarsa Serah ce ta cika musu takardar cacar bizar Amurka ba tare da ta sa rai ba, sai ga shi sun ci. A shekara ta 2001 suka sauka a Greensboro, a jihar Carolina, da 'yarsu Kaneng, lokacin Choji ya haura talatin. Serah ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi. Shi kuma ya koma ga abin da ya sani: wani kamfani ya ba shi farar mota mai ƙofar hawa da keken marasa lafiya, yana ɗaukar tsofaffi daga gidajensu zuwa asibiti ya mayar da su.

A kakar shekara ta biyu aka tura shi Sedgefield, unguwar da gidaje ke kewaye da filin wasan golf, ya riƙa ɗauko wata tsohuwar Baturiya, Malama Eleanor Pruitt, wadda aka yi wa aiki a ƙugu. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan hira. In ta zauna a baya sai ta rufe ido. Choji ya ɗauka barci take yi, don haka yakan saki waƙar gida ƙasa-ƙasa don hanya ta yi masa sauƙi.

Wata rana suna tsaye a danja, sai ya ji ta ce da Turanci, "Sake maimaita layin nan na ƙarshe."

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Yi haƙuri, Madam, na tashe ki."

"Ban yi barci ba ko sau ɗaya a motar nan. Maimaita, amma ka buɗe bakinka."

Ya maimaita. Suka shiga harabar asibiti. Da yake sauko da ita ta tambaye shi wa ya koya masa waƙa. Ya ce babu kowa, sai coci. Ta ce, "Da alama. Kana wahalar da maƙogwaronka ba gaira ba dalili. In kana da lokaci ranar Alhamis da yamma, ka zo gidana."

A falonta, gaban wani tsohon fiyano, ya fara jin labarin opera. Ta bayyana masa cewa wasan kwaikwayo ne da ake rerawa daga farko har ƙarshe: gaisuwa waƙa, faɗa waƙa, mutuwa ma waƙa. Makaɗa masu yawa na zaune a wani rami gaban dandamali, kuma dole muryar mutum ta tsallake su ta kai kujerar ƙarshe, babu makirufo. Ita kanta aikin da ta yi ke nan. Ta bar Carolina tana budurwa ta tafi Jamus, ta yi ta rera waƙa a gidajen wasa na ƙananan garuruwa har gashinta ya fara fari. Yau sarauniya ce, gobe baiwa, jibi mayya. Sunanta bai taɓa cika jarida ba, amma da muryarta ta ci ta sha har ta dawo gida ta koma koyarwa.

Ta ce, "Ba zan yaudare ka ba. Ka zo a makare. Masu wannan sana'a suna farawa tun kafin su kai ashirin. Sai dai irin muryarka ba ta nuna da wuri, sai mutum ya manyanta. Wannan ce kaɗai sa'arka."

Choji ya zaci waƙa za a fara. Ashe ba haka ba. Ta sa shi ya kwanta a ƙasa ya ɗora tafin hannu a ciki, ya ja numfashi har haƙarƙarinsa su buɗe. Ta sa shi ya tsaya jikin bango ya yi ta cewa a, e, i, o, u, yana hawa yana sauka. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo ya fita, bai rera waƙa ko ɗaya ba. In ya ɗaga kafaɗa wajen jan iska sai ta buga masa sandarta a takalmi.

Ya koma gida wata Alhamis ya zube a kujera ya ce wa Serah, "Ni da na riƙe kwaya guda a Kuru, yau ni ake koya wa numfashi kamar jariri."

Serah tana ninke kayan aikinta ta ce, "Baban Kaneng, wa ya tilasta maka? In ka gaji ka bari."

"Ban ce zan bari ba."

"To ka ci abinci."

Abin da ya hana shi bari shi ne wata Lahadi a coci, cocinsu na 'yan Arewa da ke aron ɗakin wata majami'a da rana. Ya buɗe baki zai ɗauki layinsa kamar kullum, sai ya ji muryar ta fito ba tare da ya tura ta ba, ta cika ɗakin, har gilashin taga ya yi 'yar rawa. Mai jan kwaya ya waiwayo ya dube shi. Bayan an tashi kuma maƙogwaronsa bai yi zafi ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Daga nan Malama Pruitt ta koya masa karanta rubutun kiɗa, layuka biyar da ɗigogin da ke kansu, sannan aka shiga harsuna, domin yawancin waƙoƙin ba da Turanci aka rubuta su ba. Italiyanci bai ba shi wuya ba. Wasulansa a buɗe suke kamar na Hausa, kuma inda aka ninka baƙi ana danna shi yadda muke danna shi a "babba" ko "sannu". Ta yi mamakin saurin da ya kama. Faransanci ne ya tsaya masa a wuya. Rabin haruffan ba a furta su, sauran kuma ta hanci suke fita.

A ginin da suke haya akwai wani dattijo mutumin Maradi, Younoussa, wanda 'yan Nijar ke kira Mushe domin ya daɗe yana koyarwa a lakkwal, makarantar boko ta Faransanci, kafin ya taho. A nan tasi yake ja, yakan tsaya a tashar bas ta cikin gari. Choji ya same shi ranar Asabar bayan la'asar yana dafa shayi a baranda, ya gaishe shi ya faɗi buƙatarsa.

Mushe Younoussa ya juya takardun waƙar a hannunsa ya ce, "Bon. Ni dai ba ruwana da waƙa, ka sani. Kalmomi zan gyara ma, sauran kuma tsakaninka da tsohuwarka."

"Kalmomin nake nema, Mushe."

"To zamna. Tura leɓenka gaba kamar za ka hura wuta. A'a, ba haka ba. Kai mutumin Jos, bakin nan naka na cin dankali ne kawai?"

Haka suka mayar da Asabar ranar karatu. Mushe malami ne na gaske, ba ya barin kuskure ya wuce, kuma yakan fassara kowane layi don Choji ya san abin da yake faɗa. Wata rana suka zo kan waƙar wani tsoho da ke sallamar ɗansa, yana ce masa ya tafi, kada ya waiwayo. Mushe ya fassara rabi ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce nasa tsohon ma kusan haka ya faɗa masa a tashar mota. Can ya ce, "To, rera in ji yadda suke yin ta." Choji ya rera a hankali. Shayin ya huce a kofi ba wanda ya taɓa shi. Daga ranar Mushe bai sake cewa ba ruwansa da waƙa ba.

A 2004 ƙungiyar opera ta garin ta kira gwajin murya don masu amshi, wato taron mawaƙan da ke fitowa a matsayin sojoji ko mutanen kasuwa. Choji ya je, aka ɗauke shi. Aka sa masa hular ƙarfe da takalmi mai tsawo, aka ba shi mashin katako. Ranar da aka fara haɗa su da makaɗa, da sautin ya taso daga ramin ya bi ta tafin ƙafarsa, sai ya manta inda zai shiga. Na kusa da shi, wani akanta mai furfura, ya zungure shi da gwiwar hannu. A nan ya gane cewa abokan amshinsa duka masu wani aikin ne da rana: malaman makaranta, ma'aikatan banki, ɗalibai, har da mai gyaran haƙori. Serah ta zo kallo da Kaneng. A hanyar gida yarinyar ta ce da Turanci ita ta fara gano shi, domin shi kaɗai ne sojan da ke murmushi.

Shekara biyu yana cikin amshi, sai zuciyarsa ta fara hango nesa. Yana ganin manyan mawaƙa da ake gayyatowa daga wasu garuruwa, a ba su ɗaki nasu, su yi wasa su wuce. Ya roƙi Malama Pruitt ta nema masa hanya. Ba ta so ba, amma ta kira wata tsohuwar ɗalibarta, aka sa sunansa cikin waɗanda za a saurara a New York.

Ya hau jirgin ƙasa daga tashar cikin gari, da kwat ɗin da Serah ta goge masa. Wurin gwajin wani dogon lungu ne a bene, cike da samari da 'yan mata, kowa da jakar takardu, kowa na gunguni a maƙogwaro. Yawancinsu sun fito daga manyan makarantun kiɗa, wasu wannan ne gwajinsu na uku a yinin. Da aka kira shi ya shiga, ya tarar da mutane a bayan tebur. Ya yi waƙar tsohon nan. Bai kai ƙarshe ba ɗayansu ya ɗaga hannu ya ce, "Mun gode." Yana ɗaukar jakarsa wata mata daga cikinsu ta biyo shi bakin ƙofa ta ce muryarsa mai kyau ce, amma horon da suke bayarwa na matasa ne, shekarunsa sun wuce.

Ya dawo Greensboro da ciwon rai. Bai gaya wa kowa yadda abin ya ci shi ba, sai ya huce a kan muryarsa. Ya daina zuwa Sedgefield. In ya sauke fasinja na ƙarshe sai ya rufe gilasai ya yi ta rerawa da ƙarfi, yana neman ya kai inda yaran New York ke kaiwa. Mura ta kama shi bai tsaya ba. Aka yi taron farkawa a coci, ya ja waƙa daga farko har ƙarshe. Wata safiya ya tashi zai amsa gaisuwar Serah, sai iska kawai ta fito.

Likitan maƙogwaro ya leƙa da 'yar na'ura ya ce igiyoyin muryar sun kumbura. Ba sai an yi aiki ba, in har zai yi shiru na makonni, ba magana, ba raɗa, ba barkono. Choji ya zama mai nuni da hannu a gidansa. A wurin aiki aka mayar da shi wankin motoci na ɗan lokaci. Matan zumunta na coci suka riƙa kawo miya marar yaji. Kaltouma, matar Mushe, ta aiko da zuma a kwalba. Serah ce ke amsa masa waya, kuma ba ta taɓa ce masa ai ga irinta ba. Abin da ya fi damunsa shi ne bai san ko muryar za ta dawo ba, ga kunyar tsohuwar da ya guje wa.

Ana nan, wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Serah ta buɗe, sai ga Mushe Younoussa riƙe da hannun Malama Pruitt, tana haki don hawan bene. Shi ya je har Sedgefield ya gaya mata halin da ake ciki, ita kuma ta ce ya kawo ta. Choji ya miƙe zai yi magana, ta ɗaga sanda.

"Kada ka kuskura ka buɗe bakin nan. Zauna. Yau ni zan yi magana."

Serah ta kawo mata kujera da ruwa. Ta sha ta huta, sannan ta ce, "An ce maka mun gode, ko? Ni an faɗa mini ita sau da yawa har ban iya tunawa. Wani lokaci ban ma cire rigar sanyi ba. Laifina ne da ban gaya maka sauran labarin ba. Waɗanda kake gani ana gayyatowa 'yan kaɗan ne. Kowane wasa yana buƙatar mai yin alƙali, mai yin dattijo, mai kawo saƙo. Layi kaɗan ne, amma in mai shi bai iya ba wasan ya lalace. Yawancin mawaƙan da na sani a rayuwata a nan suka yi aiki, kuma ba su ji kunya ba. In muryarka ta dawo, daga numfashi za mu sake farawa. In ba ta dawo ba, ka zo ka sha shayi."

Choji ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa. Mushe ya juya yana kallon taga. Serah ta ce, "Mun gode, Mama. Zai zo."

Muryar ta dawo, a hankali, kamar mai jin kunya. Suka koma ƙasa, suka koma bango, suka koma a, e, i, o, u. Wannan karon bai yi ƙorafi ba. Ya koyi yin shiru ranar da zai yi waƙa, ya koyi ce wa mai jan kwaya yau ba zai iya ba, ya rage yaji duk da cewa ransa na so.

A 2008 ƙungiyar ta shirya wani wasa na Faransanci, aka nemi wanda zai fito a matsayin dattijon ƙauye, wanda ke shiga tsakanin samari biyu da suka zare wuƙaƙe ya tsawatar musu. Choji ya yi gwaji aka ba shi. Karo na farko ke nan da aka buga sunansa shi kaɗai a takardar shirin.

Wasan ranar Lahadi da yamma ne, a tsohon gidan kallo na cikin gari. Matan zumunta suka zo da anko, 'yan Nijar suka zo da manyan riguna, Mushe a gaba yana nuna wa kowa kujerarsa. Tun a waje Serah ta ja wa matan kunne cewa nan ba a amsa waƙa, ba a guɗa, sai an gama. Malama Pruitt tana gefe a keken marasa lafiya, domin tafiya ta fara gagarar ta.

Aka manna wa Choji farin gemu aka ba shi sanda. Ya tsaya a bayan labule yana jira. Da lokacinsa ya yi ya fito, ya ja iska yadda aka koya masa, ya buɗe baki. Muryar ta tsallake makaɗa ta tafi. Ya ga samarin biyu sun ja da baya kamar da gaske tsoro suka ji. Abin bai daɗe ba. Ya gama layukansa ya juya ya fita. A ƙarshe, da aka fito gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya zo gaba ya rusuna, sai wata tsohuwa daga cikin matan zumunta ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Turawan da ke wurin suka waiwaya, suka yi dariya, suka ƙara tafi.

A harabar gidan kallon ya durƙusa gaban keken malamarsa. Ta ce, "Ka ja numfashi a tsakiyar kalma a layi na biyu."

"Na sani, Madam."

"Sauran kuwa, ba ni da abin gyarawa." Ta kama hannunsa ta riƙe, ba ta sake shi ba sai da Kaneng ta zo ɗaukar hoto. Mushe ya ce Faransancin ya fita tsaf, ko a Yamai ba za a raina shi ba.

Choji bai zama shahararre ba, kuma bai bar tuƙi ba. Ya koma aikin safe kawai. Da yamma, in lokacin wasanni ya zo, yakan tuƙa zuwa Winston-Salem ko Raleigh, wani lokaci har Charlotte, inda aka fara kiran sa don ƙananan matsayi da amshi. A coci shi ke koya wa kwaya yadda ake numfashi. In aka yabe shi yakan ce shi dai murya aka ba shi, amma mutane ne suka ɗauke ta a kafaɗa, ya ambaci matarsa, da Mushe, da tsohuwar Sedgefield.

An ɗauki wasan nan a faifai, ya aika wa mahaifiyarsa a Kuru ta hannun wani fasto da zai je gida. Bayan wani lokaci ya sayi katin waya ya kira ta. Ta ce an kunna a gidan maƙwabta da janareta, unguwa duka ta taru.

"Amma Choji, me ya sa suka mayar da kai tsoho? Ka fi babanka furfura."

"Wasa ne, Mama. Gemun na manne ne."

"Yaran nan da ka yi wa faɗa, sun ji kuwa?"

"Sun ji."

"Da alama. Ni ma da ban san yaren ba na ji." Sannan ta ce, "Matar nan da ta koya maka, tana da wanda ke dafa mata abinci? Na ba faston acca ya kawo. Ba taka ba ce, tata ce. Ka ce mata uwar Choji tana gaisuwa, Allah ya saka mata."

Da accar ta iso, Serah ta dafa gwate da alayyafo da ɗan nama, ba ta sa barkono ba, suka ɗauka a kula zuwa Sedgefield. Choji ya isar da saƙon kalma bayan kalma. Malama Pruitt ta sa shi ya koya mata yadda ake amsawa da Hausa, ta yi ta gwada "na gode" yana gyara mata har ta kama. Ta ci ta ƙara, ta tambayi Serah sunan ganyen. Da suka tashi tafiya ta ce a bar mata sauran a firij, kuma ta tuna wa Choji cewa akwai sabon matsayi da za a yi gwajinsa a bazara, da Jamusanci, gara su fara da wuri.